Ku Tambayi Malama: Firamare a Ƙarshen Kaka

Assalamu alaikum. Wasiƙun wannan wata kusan duk wuri ɗaya suka dosa. Zangon farko ya wuce rabi, jarrabawar Disamba ta ƙarato, dawa ta nuna a gona, mai fita sallar asuba kuma ya fara neman mayafi. Na ɗauki huɗu daga ciki. Waɗanda ba su ga tasu ba su ƙara haƙuri, tana nan a ajiye.

Daga wani hedimasta, ƙasar Funtuwa:

"Hajiya Malama, barka da aiki. Ina riƙe da wata firamare ta ƙauye. Na je taron bita a birni, na ga wata makarantar kuɗi tana buga takardar labarai duk wata, da hotuna masu launi, tana raba wa iyaye. Abin ya ba ni sha'awa. Amma ba mu da injin bugawa, yawancin iyayen yarana ba su yi boko ba, kuma a wannan wata na Nuwamba kusan rabin 'yan aji 4 zuwa 6 suna gona. Me zan rubuta, wa kuma zan rubuta wa?"

Malam, sannu da ƙoƙari, Allah ya ba da lada. Ka fara a watan nan, kada ka jira inji. Sai dai kada ka kwaikwayi waccan takarda da ka gani. Irinta sun sha zuwa hannuna ta wajen jikoki: hoton mai makaranta a shafin farko, sunayen yaran da aka yi wa bikin ranar haihuwa, sai tunin kuɗin makaranta da manyan baƙaƙe. Uwa za ta karance ta tas ta ajiye, ba ta san ko ɗanta ya iya ɗebe 7 daga 15 ba. Labarin da iyaye suke bin makaranta bashinsa shi ne labarin aji. Me aka koyar a watan nan, yara nawa suka kama, nawa ne ba su kama ba tukuna, me kuma za a yi a gida kafin wata ya sake kamawa. In takardarka ta faɗi wannan, ko da gawayi aka rubuta ta, ta biya.

Ga yadda nakan so malamin aji ya rubuta nasa kason, layi huɗu ko biyar ba ƙari. Alƙaluman misali ne, kai ka sa na rajistarka: "Iyayen 'yan aji 2, a watan Nuwamba mun koyi baƙaƙen ɓ, ɗ, ƙ da ts. Cikin yara 60, guda 35 suna karanta ɗaki, ƙofa, ɓera da tsintsiya ba tare da an taya su ba. Sauran 25 za mu zauna da su bayan an dawo tara, Litinin da Laraba. A gida, a sa yaro ya rubuta sunan abu uku da ke tsakar gida, ko a ƙasa ne da tsinke." Ka lura ban sa sunan yaron da bai iya ba, kai ma kada ka taɓa sawa. A ƙauye, abin da aka manna a bango yau, gobe da shi za a riƙa tsokanar yaro a dandali. Mai rauni, a ja mahaifinsa gefe a gaya masa.

Malami ba zai iya rubuta "35 cikin 60" ba sai ya zauna ya saurari yaran ɗaya bayan ɗaya, kuma a wurina wannan ne babban amfanin takardar, ya ma fi wanda iyaye za su samu. Da nake shugabar makaranta, a makon ƙarshe na wata nakan shiga in riƙe wa malami aji, shi kuma ya fita gindin darbejiya da benci, yara suna zuwa suna karanta masa layi bibbiyu. A nan malamai da yawa suka gane cewa amshin nan mai ƙarfi da suke jin daɗinsa a aji, muryar yara goma ce na sahun gaba, sauran bin baki kawai suke yi.

Ba ka da inji, amma kana da 'yan aji 5 da 6. Ka rubuta labarin a allo, su kwafa a littafinsu a matsayin darasin rubutu na ranar, malami ya duba, kowa ya je gida ya karanta wa mutanen gidansu da baki. An yi darasi, an sami kwafi, kuma uban da bai yi boko ba ya ji ɗansa yana karatu a gabansa, abin da wataƙila bai taɓa ji ba. Ka manna kwali ɗaya a ƙofar makaranta. Malaminka na Arabiyya ya juya wani da ajami, ka nemi izinin liman a sa a bangon masallaci, domin dattawan nan da kake cewa ba su karatu, da yawansu ajami ba ya gagarar su. In akwai masu babbar waya, ka ɗauki saƙon murya na minti biyu ka tura ta WhatsApp, zai zaga gari kafin magariba.

Duk waɗannan hanyoyi wurin maza suke ƙarewa. Matan cikin gida ba sa tsayawa a ƙofar makaranta, alhali su ne masu tashin yaro da safe, su ne masu ɗora wa yarinya talla ko su sauke mata. Kwamitin al'umma mai kula da makarantarka, wato SBMC, yana da kujerar mata. Ka ba wakiliyarsu kwafi ta kai islamiyyar matan aure, ta karanta kafin a tashi.

Sai maganar gona. Kada ka buɗe takardar da faɗa. Gaskiya ne dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta wa kowane yaro karatun shekara 9 kyauta, har ta tanadi hukunci ga uban da ya ƙi. Amma mutumin da dawarsa ke tsaye, wakensa na fashewa a gona, audugarsa ta buɗe, kuɗin ƙwadago ya fi ƙarfinsa, ga fargabar kada dabbobi su shiga, karanta masa doka ba zai dawo maka da ɗansa ba. Abin da na ga yana ci shi ne a yi ciniki. Ka je wurin dagaci tare da 'yan kwamiti a yi magana a fili: yaro ya zo da safe a yi Hausa, Turanci da lissafi, waɗanda za ka matso da su farkon jadawali a makonnin nan, da rana ya bi iyayensa, Asabar da Lahadi kuma nasu ne gaba ɗaya. Ka rubuta ranar fara jarrabawa inda kowa zai gani, ka roƙi mako biyu cikakku kafin ranar saboda bita. Uba zai ba ka rabin yini da mako biyu in ya ga ka san halin da yake ciki.

Ka sa ido musamman a kan 'yan matan aji 5 da 6. Da kaka kuɗi ke shigowa, da kaka ake ɗaura aure, da kaka kasuwa ke cika a nemi mai talla. Yaron da ya tafi yankan dawa yakan dawo. Yarinyar da ta ɓace daga rajista a Nuwamba, sau da yawa in aka dawo hutu a Janairu babu ita. Duk wadda ta yi fashin mako guda, a je gidansu a makon, a aika malama mace in akwai.

Tun da gona ta ɗauke maka yara, kai kuma ka shigo da gonar cikin aji, don babu watan da ya kai wannan arzikin darasi. Manomi ya ɗaure dami 70, ana fitar da ɗaya cikin goma na zakka, nawa zai fitar, nawa za a kai rumbu? Mai noman rani da ban ruwa ɗaya cikin ashirin yake fitarwa, ka ga lissafin kashi ya shigo ba tare da an tsorata kowa ba. In buhu tiya 40 ne a kasuwarku, tiya nawa ke cikin buhu uku da rabi? A tura 'yan aji 6 su tambayo farashin tiyar masara ranar kasuwa, su tambayi iyayensu nawa take a watan Agusta, a rubuta a allo, a tambaye su dalilin bambancin. Za ka ga yaron da ke kasa lissafin littafi ya riga kowa ɗaga hannu, domin shi ake aika awo.

A darasin kimiyya ka fita da su bayan makaranta. Kuka tana zubar da ganye yanzu, gawo kuwa yanzu yake fitar da nasa bayan ya yi damina ba ganye. Shi ya sa gero ke kyau a gindinsa: bai tare masa rana ba lokacin da yake bukata, ganyen da ya zubar kuma ya zama taki. Shamuwa ta yi kudu tun da ruwa ya ɗauke. Bayan magariba Kaza da 'Ya'yanta suna fitowa ta gabas, sai a ce kowa ya ƙirga taurari nawa ya gani ya zo da amsa gobe. Hazon da zai rufe gari nan gaba, iska tana kwaso yawancin ƙurarsa ne daga kwarin Bodele a arewacin Chadi, inda a zamanin da ruwan wani babban tafki ya kwanta ya bushe. A nuna musu wurin a taswira. Duk wannan ka sa shi a takardar wata, manomi zai ji cewa makarantar tana magana a kan abin da shi ma ya sani, har ya ƙara wa ɗansa bayani.

Ranar 19 ga Nuwamba ce ranar bayan gida ta duniya, 20 ga wata kuma ranar yara ta duniya, wadda a cikinta Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da yarjejeniyar haƙƙin yara a 1989. In masan makarantarku ya rushe, ga lokacin rubuta shi a aika wa sakataren ilimi kwafi. Layin ƙarshe kuma ka bar wa kuɗi: abin da ƙungiyar iyaye da malamai (PTA) ta tara, abin da aka saya, abin da ya rage, ko da alli kwali biyu ne.

Daga wata uwa, Tudun Wada, Zariya:

"Mama, ina wuni. 'Yata tana aji 3, shekararta 8. A gwajin tsakiyar zango ta zo ta 5, malamarta har ta rubuta mata yabo. Duk abin da ke littafinta tana rera shi ba tuntuɓe. Shekaranjiya na rubuta mata sautu a takarda, gishiri da manja da albasa, na ce ta karanta min kafin ta tafi shago. Ta tsaya tana kallon takardar, ko ɗaya ba ta iya ba. Hankalina ya tashi. Babanta ya ce in bar ta, ai tana cin jarrabawa. Ina matsalar take?"

'Yata, kin yi daidai da kika damu, kuma kin gano abin da wuri. Yarinyarki hadda take yi. Hadda baiwa ce, da ita muke riƙe Alƙur'ani, kada ki raina ta. Amma karatu shi ne yaro ya haɗu da kalmar da bai taɓa gani ba ya warware ta da kansa. In jarrabawa daga abin da aka kwafa a allo ake ɗauko ta, mai kaifin hadda zai zo na 5 har ma na ɗaya, ba tare da ya san wace alama ce ke ba da wane sauti ba. Matsayi a aji yana gaya miki ta fi wasu ne kawai, bai gaya miki ta iya ba. Kuma ba ita kaɗai ba ce. Ƙiyasin da Bankin Duniya ya fitar a 2022 ya nuna kusan yara 9 cikin 10 masu shekara goma a Afirka kudu da Sahara ba sa iya karanta ɗan gajeren labari su fahimce shi, kuma da yawansu suna zuwa makaranta kullum.

Ki fara gano inda ta tsaya. Ki rubuta baƙaƙe goma a warwatse, ba a jeren da ta haddace ba, ki nuna ta faɗa. In ta wuce, ki ba ta gaɓoɓi irin su ma, ku, shi, ɗa. In ta wuce, kalmomi, sannan jimla, sannan labari na layi huɗu ki tambaye ta me ya faru a ciki. Inda ta fara inda-inda, nan ne wurin da za ki fara, ko da a takarda aji 3 take. Wannan tsari na koyar da yaro daga inda yake, ƙungiyar Pratham ta Indiya ce ta yaɗa shi, kuma an gwada shi a Kano, a ƙananan hukumomin Wudil da Dawakin Tofa, inda aka riƙa raba yara bisa matakin karatunsu na ɗan lokaci a kowace rana maimakon bisa aji.

Ki yi da Hausa. Hausa yadda ake faɗinta haka ake rubuta ta, wasulanta biyar ne, yaron da ya kama ba, be, bi, bo, bu ya sami mabuɗin ɗaruruwan kalmomi. Kuma in ta haɗa gi, shi, ri ta ji "gishiri" ya fito daga bakinta, ta san abin da ta karanta, wannan daɗin ne zai sa ta nemi ƙari. Gwamnati ta sha sauya matsayi a kan harshen koyarwa. Manufar ilimi ta 1977 ta ce harshen gida a shekarun farko, a 2022 aka ce har aji 6, a Nuwamban 2025 kuma aka janye aka koma Turanci. Ni ra'ayina yana nan inda yake. Gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ife tun daga 1970, inda aka koyar da yara da Yarbanci shekara shida, bai nuna Turancinsu ya lalace ba, kuma abin da na gani da idona a aji bai saɓa wa haka ba. Yaron da ya iya karanta harshensa ya riga ya san yadda karatu ke aiki, sai ya ɗauki wannan sanin ya shiga Turanci da shi. Ko me ake yi a makaranta, tsakar gidanki naki ne.

Ki yanka kwalin sabulu ko na taliya ƙanana-ƙanana, ki rubuta gaɓa ɗaya a kowane. Ki ajiye ka da za, ta haɗa kaza. Ki cire za ki sa ya, ki sa ra, ki sa sa. Minti 15 ya isa, bayan la'asar ko kafin ta tafi islamiyya, amma kullum. Ba bulala, ba "dubi ƙaninki", domin yarinyar da ta saba da yabo za ta ji kunya ƙwarai in ta gane an gano ta, kuma kunya tana rufe baki. Ki ce mata wasa ne za ku yi. In kin dage daga yanzu har ƙarshen hutun Disamba, ina sa ran da yardar Allah za ta karanta miki sautun nan da kanta. In kuwa makonni sun shuɗe ba motsi, ko kin ga tana kanne ido tana matso da takarda, ko sai an maimaita mata magana, ki kai ta a duba ido da kunne.

Ki je wurin malamarta, ba da faɗa ba, ba kuma a gaban sauran iyaye ba. Wataƙila yara fiye da 70 ne a gabanta, ba ta taɓa samun sukunin sauraron 'yarki ita kaɗai ba. Ki tafi da takardar sautun, ki ce, "Malama, ga abin da na gani, me kike so in riƙa yi a gida?" Babanta kuwa, kada ki ja da shi. Ki roƙe shi ya rubuta kalma uku da hannunsa ya miƙa mata, gani ya kori ji.

Daga wata 'yar Kumasi, unguwar Bronx, birnin New York:

"Gwaggo, gaisuwa mai yawa. Bara muka zo Amurka, ɗana yana aji 1. Takardar Nuwamba ta zo a jakarsa, maƙwabciyata ta fassara min sama-sama: za a sauya agogo, akwai ranakun da ba makaranta, ana son iyaye su zo ganin malama, a kuma kawo abincin gwangwani. An ba shi 2 a karatu, 3 a lissafi. Jiya ya dawo da hoton talo-talo, ya ce na bikin Thanksgiving ne. Bikin addini ne? Ya faɗi ke nan da 2? Turancina bai yi ƙarfi ba, ina jin nauyin zuwa."

Ɗiyata, ina amsawa. Ina da 'ya a Amurka, na zauna da jikokina a irin wannan lokaci, na kuma raka su makaranta, don haka takardar ba baƙuwata ba ce. Abu mafi muhimmanci a cikinta shi ne ganawar nan da malama. Ki je. Haƙƙinki ne a samo miki tafinta kyauta, abin da ya samo tushe daga dokar haƙƙin jama'a ta 1964. Ki sanar da ofis tun da wuri cewa Hausa kike so, ko ta waya ce za su haɗa ki da mai fassara. Makarantun gwamnati na birninku suna da ma'aikaci na musamman mai hulɗa da iyaye, ki nemi a nuna miki shi. Kada ki bari a sa ɗanki ya yi tafinta a maganar da ta shafe shi. Ganawar gajeriya ce, minti 10 zuwa 15, saboda haka ki shirya tambayoyinki tun daga gida: a wane mataki yake a karatu, wane ƙarin taimako ake ba shi na Turanci, yana da abokai a aji?

Bai faɗi ba. A tsarinsu 3 na nufin yaro yana inda ake so, 4 ya zarce, 2 yana gab da isa, 1 ne ke nuna yana baya sosai. Yaron da bara ya sauka, Hausa ake yi a gidansu, ya sami 2 a karatu da 3 a lissafi tun a zangon farko, ai sai hamdala. Ki duba sashen da malamar ajinsu ta rubuta a takardar, a nan ake faɗin sautukan da kalmomin da suke koyo a watan. Yawanci suna son yaro ya yi karatun minti 20 a gida kullum. Katin ɗakin karatu na unguwa kyauta ne, ki karɓa. Ya karanta miki da Turanci, ke kuma ki tambaye shi da Hausa me ya faru a labarin. Kada ki daina yi masa Hausa da tatsuniya don tsoron rikita shi. Turanci zai same shi ko kin so ko ba ki so ba, Hausar ce ba mai ba shi sai ke.

Ranar Lahadin farko ta Nuwamba ake mayar da agogo baya da awa ɗaya, tazararku da Kumasi ta koma awa 5 maimakon 4. Zuwa ƙarshen wata rana tana faɗuwa wajen ƙarfe 4:30, yaro na dawowa ba da jimawa ba magariba ta yi. Sanyin can ba irin na hunturunmu ba ne, kuma suna fitar da yara wasa a waje ko ana sanyi, sai in ya tsananta. Ki nema masa babbar rigar sanyi, hula da safar hannu, ki rubuta sunansa a ciki. In hali bai kai ba ki gaya wa ma'aikacin iyayen nan, makarantu da yawa suna da tanadi. Ranakun hutun kuwa, 11 ga wata ta tsoffin sojoji ce, sai Alhamis ta huɗu da Juma'ar da ke bin ta. Ki duba abin da suka ce game da Talatar zaɓe a farkon wata.

Alhamis ɗin nan ita ce Thanksgiving, wato ranar godiya. Hutun ƙasa ne, mai kowane addini yana hutawa, iyalai su taru su ci abinci. Labarin da ake ba yara shi ne na 1621, lokacin da Turawan Ingila da suka sauka a Plymouth suka ci abincin kaka tare da mutanen Wampanoag, 'yan asalin wurin. Shugaba Lincoln ya ayyana ranar ga ƙasa baki ɗaya a 1863, majalisa ta tsayar da ita a Alhamis ta huɗu a 1941. Da yawa daga 'yan asalin ƙasar suna tuna ranar da baƙin ciki saboda ƙasarsu da aka ƙwace daga baya, kuma tun 1990 aka keɓe Nuwamba don tunawa da tarihinsu, za ki iya ganin wannan ma a darasin ɗanki. Makarantar gwamnati ba ta da izinin jagorantar yara addu'a. Abin da za a yi a aji bai wuce zanen talo-talo da rubuta abin da yaro yake godiya a kai ba. Hukuncin addini na bar wa malamanku na masallaci. Ni dai in an tambayi jikana me yake godewa, ina so ya zama yana da amsa tun daga gida. In za a yi ciye-ciye a aji, ki rubuta wa malama cewa ba ya cin alade da abin da aka haɗa da shi. Abincin rana kyauta ne ga duk ɗalibai a makarantun gwamnati na birnin tun 2017, wasu kuma suna ba da na halal, ki tambaya. Abincin gwangwanin sadaka ce ga mabukata, ba dole ba ne, gwangwani ɗaya ma ya isa.

Daga wata sabuwar malama, Gumel:

"Hajiya, bana na fara koyarwa, aji 1 aka ba ni. Tagoginmu ba marfi, yara a ƙasa suke zama. Tun da sanyi ya fara makara ta yi yawa, rabin ajin tari suke. Ana tare masu latti a ƙofa a yi musu bulala, zuciyata ba ta so. Yaya zan yi?"

Ƙanwata, zuciyarki ta gaya miki gaskiya. Ɗan shekara 6 ba shi ke hura wutar ruwan wanka ba, ba shi ke dama koko ba. In an doke shi yau a kan latti, gobe in ya makara sai ya laɓe a kango har a tashi. Ki sami hedimasta cikin ladabi ki roƙi a ɗauke wa 'yan aji 1 wannan, a kai maganar wurin iyaye, kuma a sanar cewa an yarda yaro ya sa rigar sanyi ko wace iri ce a kan yunifom.

Ki nemi tsoffin buhuna da tabarmi a shimfiɗa, siminti da safe yana shiga jikin yaro. Ki toshe tagogin da iska ke bugowa, na gabas da na arewa, da buhu ko zana, ki bar na ɗaya ɓangaren saboda haske da numfashi. A yayyafa ruwa kafin shara. In rana ta fito ki fita da su jikin bango mai hantsi, a fara da waƙa mai tsalle da tafi. Ki gaya wa iyaye mata su shafa musu man kaɗanya ko basilin saboda faso, su ba su ruwan sha ko ba su nema ba, su kuma kula da jin ɗumi: rigar leda tana kama wuta nan take, rushi a rufaffen ɗaki kuma yana kisa.

Yawancin tarin mura ce da ƙura. Amma yaron da ke numfashi da sauri, ko ƙasan ƙirjinsa na shiga ciki in ya ja iska, ko zazzaɓi mai zafi da sanƙarewar wuya, a kai shi asibiti a ranar, kada a jira gobe. Mai zazzaɓi da ƙuraje da jan ido ya zauna a gida a duba shi, ƙyanda ba ta da wuyar zaga aji. Ki tambayi iyaye su wa ke da sikila ko asma, ki zaunar da su nesa da taga.

Darasin karatu kuma ki mayar da shi na biyu a jadawali har sanyi ya sassauta, ki kira rajista bayansa, don wanda ya iso a makare ya tarar ba a yi baƙin ranar ba tukuna.